Daren Juma'a a Garin Allen

Garin Allen yana arewa da birnin Dallas, a jihar Teksas ta Amurka, tafiyar kilomita 40 ko abin da ya yi kusa da haka a kan babbar hanya mai lamba 75. In ka taso daga Dallas za ka ratsa Richardson, ka ratsa Plano, ba ka gane inda wani gari ya ƙare wani ya fara ba. Gidaje ne masu rufi ruwan toka, da kantuna, da filayen ajiye motoci, har allon bakin hanya ya sanar da kai ka iso. Da can ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce a tsakiyar gonaki. A ƙidayar 1990 mutanen garin ba su kai 20,000 ba, a ta 2020 kuwa sun haura 100,000. Yawancin ƙarin nan baƙi ne, daga wasu jihohi, da Indiya da Sin da Meziko da ƙasashenmu na Afirka. In ka tambayi mutum abin da ya zaunar da shi nan, bayan aiki, zancen makarantar yara zai yi maka.

Zumunci ya kai ni, a watan Oktoba. Ƙanwata tana aikin jinya a wani asibiti a yankin, maigidanta yana harkar kwamfuta, yaransu kuma duk a can aka haife su. Ba makaranta na je gani ba, amma ba yadda za a yi ka sauka gidan da ke da ɗan sakandare a Allen ka kauce mata. Ita ke yanke lokacin cin abinci, ita ke yanke lokacin kwanciya. A jikin firij an manna wata takarda mai ɗauke da ranakun atisaye da na wasa da na gasa, kuma kowa a gidan ita yake dubawa kafin ya yi wa wani alkawari. 'Yarsu ta fari, mai shekara 16, takan fita da wata 'yar baƙar jaka ban da ta littattafai, wasu ranakun sai bayan magariba ta dawo, a gajiye tiɓis, da ƙatuwar gorar ruwa a hannu. Kalarinet ce a jakar, wata baƙar abar busa mai maɓallan azurfa. Yarinyar 'yar badujalar makaranta ce.

Sakandare ɗaya tak garin yake da ita, kuma da gangan aka yi haka. Maƙwabta sun bi wata hanya: Plano ta raba manyan ɗalibanta gida uku, Frisco kuwa sai gina sababbin makarantu take yi don kada ko ɗaya ta cika girma. Mutanen Allen suka ce su dai guda ta ishe su, kowa ya taru ƙarƙashin tambarin mikiya ɗaya. Shi ya sa, in an haɗa da 'yan aji 9 da aka ware wa harabarsu daban, ɗaliban sun haura 6,000. Ta gwamnati ce, ba a biyan kuɗin karatu. Takardar da ke nuna kana zaune a gundumar ita ce kuɗin shigarka.

Badujalar tana da sunanta, Escadrille, kuma in an lissafa da masu juya tutoci da 'yan matan rawa, takan tasar wa mutum 800. Tana cikin mafi girma a ƙasar baki ɗaya. Sau biyu, a 2006 da 2016, an gayyace ta faretin furanni na sabuwar shekara a Pasadena ta jihar Kalifoniya, wanda miliyoyin mutane ke kallo a talabijin.

Na fara ganinsu wajen atisaye, da yamma, lokacin da na raka ƙanwata ɗauko yarinyar. Ba kayan ado, ba 'yan kallo, sai gajerun wanduna da hulunan rana da gorunan ruwa a jere a gefe. Malamin yana can saman wani dogon dandamali da lasifika, wata na'ura kuma tana buga ƙas, ƙas, ƙas ba fashi don kowa ya daidaita ƙafa. Kowane yaro yana da jerin wuraren tsayawarsa a rubuce: daga nan zuwa can taku 16, daga can zuwa gaba taku 24. Takun ma aunanne ne, takwas a kowane yadi biyar, ko kai dogo ne ko gajere. Za su yi tafiyar da ba ta wuce daƙiƙa ashirin ba, malamin ya tsai da su, ya kira sashen da layinsu ya karkace, kowa ya ruga ya koma inda ya taso, a sake. Na tsaya ina lissafin sakewar har na gaji na bari. Tun watan Agusta suke wannan abu, kafin ma a koma makaranta, a zafin Teksas da kan kusanci maki 40. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A mota na tambayi ƙanwata yadda aka yi Hajiyarmu ta yarda da wannan lamari. Ta yi dariya har sai da ta rage gudu.

"Yarda, Yaya? Ranar da ta ji, cewa ta yi, 'Busa? A gidanmu? Wa ta gado?' Na ce Hajiya darasi ne, har maki ake ba su. Ta ce, 'To su ba ta makin a lissafi mana, algaitar ta mece ce?'"

Yarinyar tana kujerar baya ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Kawu, yanzu fa ita ke cewa a turo mata bidiyo."

Ban ga laifin Hajiya ba, domin a kan abin da ta tashi ta tarar take magana. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Akwai makaɗan fada, akwai na manoma, akwai masu kalangun mahauta, kowa da gidan da ya fito da ubangidan da yake yi wa. Muna son kiɗan, muna kashe masa kuɗi, mu haddace Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos, amma a zo maganar aure sai a fara tone-tonen asali. Mamman Shata kansa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba. Ga kuma ɓangaren addini, inda malamai suka daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, kuma ni ba fagena ba ne da zan yanke hukunci. Surukin nawa ya ce sai da ya yi shawara, ya kuma kafa sharuɗɗansa: salla a kan lokaci, da rufe kai a ƙarƙashin hular badujala. Kayan nasu dama riga ce mai dogon hannu da wando har ƙasa, maza da mata iri ɗaya. Akwai iyaye Musulmi a garin da suka hana nasu yaran shiga, kuma ba wanda ya tilasta musu, tun da darasin zaɓi ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an cire kiɗan daga hannun gado an sa shi a hannun malamin makaranta. Ba roƙo, ba liƙi, ba ubangida. Yaro yana aji 6, wajen shekara 11, ake tara su a gwada su da kayan busa da na bugu, a duba bakinsa da yatsunsa, a ba shi shawarar abin da ya dace da shi. Daga ranar yana da darasin kiɗa a jadawalinsa na yau da kullum, tsakanin lissafi da tarihi. Manyan kaya masu tsada, irin su tuba da ganguna, na makaranta ne. Ƙanana irin kalarinet da sarewa iyaye ke saya ko su yi haya a wata. Wanda busa ba ta yi masa ba, akwai ƙungiyar masu gogen Turawa, akwai ta mawaƙa. Kafin yaro ya iso sakandare ya riga ya iya karanta rubutun kiɗa kamar yadda yake karanta jarida.

Kuma akwai mai sa ido a kai. Wata hukuma ce da ake kira UIL a taƙaice, wadda Jami'ar Teksas da ke Austin ta kafa tun 1910, take tsara duk wata gasa tsakanin makarantun gwamnati na jihar: ƙwallo, guje-guje, kiɗa, muhawara, wasan kwaikwayo, har da lissafin ka. Ita ta ƙayyade cewa atisayen badujala a wajen lokacin aji kada ya wuce awa takwas a mako idan an koma makaranta. Cikin jarrabawarta akwai wadda ta fi burge ni. Bayan an gama kakar ƙwallo, badujalar takan rabu rukuni-rukuni ta koma zaman ɗaki. Ranar gwaji sai a shigar da rukuni gaban alƙalai, a raba musu takardar kiɗan da ba su taɓa gani ba, a ba malaminsu 'yan mintoci ya yi musu bayani, sannan a ce su busa daga farko har ƙarshe. Alƙalai su ba da maki daga 1 zuwa 5, 1 ce ƙoli. A nan hadda ba ta ceton kowa. Ko an koya wa yaro karatun, ko ba a koya masa ba, kuma malamin ne ake aunawa fiye da yaran.

Wata rana da daddare na tarar da yarinyar a teburin cin abinci ta tasa littafin kimiyyar sinadarai, fuska a murtuke. Uwar ta raɗa mini cewa makinta a darasin ya sauko kusa da bakin rami, kuma in ya faɗa ƙasa da 70 a ƙarshen zangon maki, ba ita ba shiga fili. Wannan doka ce ta jiha, ba son ran shugaban makaranta ba. A 1984 gwamna Mark White ya sa hannu a kanta, bayan wani kwamiti ƙarƙashin attajirin nan Ross Perot ya zagaya jihar ya dawo yana cewa wasa ya cinye karatu. Abin da ta ce a taƙaice: wanda bai ci darasi ba, ba zai yi wasa ba. Ta hau kan ɗan ƙwallo, ta hau kan mai busa, ta hau kan 'yar rawa. Da farko dakatarwar mako shida ce, a 1995 aka mai da ita uku. Masu horar da 'yan wasa sun yi ca a kan White, kuma fushinsu na cikin abin da ake lissafawa cikin dalilan faɗuwarsa zaɓen 1986. Dokar dai tana nan. Ni kuwa na ga amfaninta da idona: ba wanda ya ɗaga wa yarinyar murya, ba wanda ya yi mata wa'azin ilimi gishirin zaman duniya. Gurbinta a layi take karewa, kuma ta san in ta fita, ramin da za ta bari kowa zai gan shi daga saman benci.

Ranar Juma'a tun da safe garin ya sauya launi, shuɗi da ja da fari ko'ina, har ma'aikatan kantuna. Mun yi sallar Juma'a a masallacin garin tare da 'yan Pakistan da Larabawa da Somaliyawa, bayan la'asar kuma muka kama hanyar fili. A Amurka an raba kwanakin ƙwallo: Juma'a ta sakandare, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru. Rabon ma har doka ta tsaya masa, domin tun shekarun 1960 majalisar tarayya ta toshe wa ƙwararrun hanyar nuna wasanninsu a talabijin daren Juma'a da Asabar a tsakiyar kaka, don kada su kwashe wa makarantu 'yan kallo. Motoci sun cika titi, iyalai suna tafe da ƙafa da barguna da matasan zama, tsofaffi da jikoki. In ka taɓa ganin yadda Kano ke tuttuɗowa wajen Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, ka san irin fitar da nake nufi: ba wai kowa ya damu da abin da za a yi ba ne, zama a gida ne ba ya yiwuwa.

Filin yana ɗaukar mutum 18,000, da bene, da ƙaton allon talabijin. Iyayen 'yan badujala da na sauran ƙungiyoyi su ne ke hidimar bayan fage, wasu suna sayar da abinci, wasu suna tura manyan kayan kiɗa a kan tayoyi, wasu suna raba ruwa. Ƙanwata, wadda ta kwana aiki a asibiti kwana biyu kafin ranar, tana cikinsu da rigar iyaye. An tashi tsaye an yi taken ƙasa, badujalar ce ta busa. Ba a yi addu'a a lasifika ba. Kotun ƙolin Amurka ta hana hakan a filayen makarantun gwamnati tun 2000, a wata shari'a da ta taso daga garin Santa Fe na nan Teksas ɗin. Da magariba ta yi, ni da surukina muka sami lungu a ƙarƙashin benen muka shimfiɗa rigar sanyi, ba wanda ya ko waiwaye mu.

Wasan kansa, gaskiya, bai kama ni ba. Mutum 11 ne kowane ɓangare, da hulunan kwano da kafaɗun roba, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini biyu, a hannu ake ɗaukarta. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10. In ta ci a sake ba ta huɗu, in ta kai ƙarshen fili ta sami maki shida. Zango huɗu ne, kowanne minti 12, amma da tsaye-tsayen da ake yi sai a kwashe kusan awa uku. A yi karo na daƙiƙa biyar, a busa usur, a taru a yi shawara, a sake karo. Wanda ya tashi da kallon Kano Pillars zai yi ta hamma. Surukina kuwa, wanda na sani da son Arsenal, yana tsaye yana ihu yana yi mini bayanin dabarun da ban tambaye shi ba. Ya nuna mini inda aka rubuta shekarun da makarantar ta ci kofin jiha: 2008, 2012, 2013, 2014, 2017. Uku na tsakiyar na zamanin Kyler Murray ne, yaron da bai taɓa shan kaye ba a duk wasan da ya jagoranta a makarantar, wanda a 2019 ya zama na farko da aka ɗauka a zaɓen 'yan wasan ƙwararru. Wasan ƙarshe na 2013, a filin Dallas Cowboys da ke Arlington, mutum sama da 54,000 suka kalla. Wasan 'yan sakandare fa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, mai kusan rabin awa, na zaci mutane za su watse neman abinci. Wasu sun tashi, amma dubbai sun gyara zama. Badujalar baƙi ta fara yin nata, aka tafa mata. Sannan 'yan gida suka fara shigowa, layi bayan layi, har ciyawar ta ɓace daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Aka yi tsit. Wata yarinya a kan dandamali, da fararen safar hannu, ta ɗaga hannuwa ta sauke, sai sautin ya taso gaba ɗaya ya daki benen, na ji shi a ƙirji kafin kunne. Layukan suka fara tafiya, miƙaƙƙe ya lanƙwashe ya zama da'ira, da'ira ta tsage ta zama tauraro, masu busa tuba suna ja da baya ba sa waiwaye, tutoci suna tashi sama suna dawowa hannu a bugu ɗaya. Duk ƙas-ƙas ɗin nan na atisaye, a nan ya fito.

Na yi ta neman 'yarmu ban gan ta ba. Uwar ta ce, "Ga ta can, Yaya, kusa da layin 35, ta uku daga gaba." Na duba, sai hula da gashin tsuntsu irin na kowa. A nan ne na ga bambancin abubuwa biyun da ke faruwa a fili ɗaya. Ƙwallon tana fitar da gwani ɗaya ko biyu da gari zai riƙa kiran sunansu, da dama kuma a gama kaka suna benci. Badujalar ba ta da gwani. Wanda ya fito daban a cikinta, kuskure ya yi. A makarantar da ke da ɗalibai 6,000, inda yaro marar surutu zai iya shekara ba malamin da ya riƙe sunansa, an samar wa ɗaruruwa wuri da aka san in ba su zo ba. Ƙanwata ta ce duk wanda ya bi darasin ya kuma riƙe makinsa yana da gurbi a daren Juma'a, ƙaƙƙarfa da rarrauna, ɗan likita da ɗan mai wankin mota. A ganina wannan ne aikin da makarantar ta fi iyawa, ko da yake ba shi ya kai sunanta jaridun duniya ba.

Abin da ya kai sunan shi ne kuɗin filin: kusan dala miliyan 60. A 2009 hukumar ilimi ta gundumar ta nemi izinin mazauna gari ta ci bashin dala miliyan 119, wanda za a biya daga harajin gidajensu, don gina filin da babban zauren kiɗa da wasan kwaikwayo da wasu gine-gine. Aka kaɗa ƙuri'a, wajen kashi 63 cikin ɗari suka amince. Ana cikin ginin, a 2011, majalisar jihar ta zabtare sama da dala biliyan 5 daga kasafin makarantu, gundumomi da yawa suka rage malamai. Masu kare filin suna cewa kuɗin bashin gini doka ba ta yarda a biya albashi da shi ba, kuma haka ne. Amma aljihun da kuɗin biyu ke fitowa ɗaya ne. Ni dai na zagaya filin, na ji labarin ɗakin ɗaga ƙarfe da na 'yan kokawa da ke ƙarƙashinsa, har yanzu ban ga abin da yaro ɗan shekara 17 zai yi da shi wanda rabin kuɗin ba zai yi masa ba. Gasa ce ta manya aka jingina wa yara, kuma ta yaɗu: Katy ta buɗe nata a 2017, McKinney da ke maƙwabtaka ta bi a 2018, kowanne ya ci wajen dala miliyan 70.

Sai dai akwai ƙarashen labarin da ya kamata mu ji. An buɗe filin a Agustan 2012. A farkon 2014 bincike ya nuna tsagar da ke simintin da mutane ke takawa ta yi yawa. Aka rufe shi nan take, ƙungiyar ta buga kakar wannan shekara duka a filayen aro, ta kuma ci kofin. Kamfanin da ya zana ginin da wanda ya gina su suka ɗauki nauyin gyaran, aka sake buɗewa a 2015. An tambayi mutane kafin a ci bashi da sunansu, an rufe gini kafin ya kashe kowa, wanda ya ɓata kuma ya biya. Almubazzaranci ne, amma a bainar jama'a aka yi shi, da lissafi a rubuce.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka duk Teksas haka take. Tun da harajin gidaje ne ƙashin bayan kuɗin makarantu, unguwar masu hali tana da makarantar masu hali. A 1989 kotun ƙolin jihar, a ƙarar da gundumar Edgewood ta San Antonio ta jagoranta, ta ce wannan tsari ya saɓa wa kundin jihar, kuma daga 1993 ake karɓar wani kaso daga gundumomi masu arziki ana rabawa. Giɓin bai rufe ba. Akwai makarantun da kayan busarsu sun girmi malamin. Ko a Allen ɗin, kuɗin takalma da tafiye-tafiye da malamin gida yakan taru ya yi wa ƙaramin ma'aikaci nauyi. Ga kuma raunin kai da karon ƙwallo ke jawowa, wanda ya sa jihar ta yi doka a 2011 cewa duk yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a fitar da shi, ba zai dawo ba sai da sa hannun likita. Ƙanin yarinyar ya matsa a bar shi ya shiga ƙungiyar ƙwallon. Uwar, wadda ta ga irin waɗannan raunuka a wurin aiki, ta ce ya zaɓi guje-guje ko ƙwallon ƙafa irin tamu, duka akwai su a makarantar, na maza da na mata.

Mun bar filin wajen ƙarfe goma da rabi, amma yarinyar sai kusan sha biyu muka ɗauko ta, bayan sun loda kaya sun rataye riguna. Washegari Asabar suna da gasar badujala a wani gari.

Mu ma fa mun san wani abu makamancin wannan. A makarantar kwana ta gwamnati da na yi, muna da gasar wasanni tsakanin gidaje, muna da malamin wasanni da usur a wuya, muna da 'yar badujalarmu ta ganguna da begila da ke ja mana gaba a faretin 1 ga Oktoba da na ranar yara, 27 ga Mayu. Akwai abokan da na sani sarai ba don gudun mita 400 ko bugun ganga ba da sun gudu gida tun aji biyu. Zuwana na baya-bayan nan, gefen filin ya zama shaguna, saura ciyawa ta cinye, gangunan kuwa ba wanda ya san inda suka shiga.

Ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda kowace shekara muke tara kuɗi mu gina ƙofar shiga mu rubuta sunan ajinmu a kai, ina da roƙo. A bana a bar ƙofar haka nan. A kare filin da ya rage daga masu yanka filaye, a ɗauki nauyin malamin wasanni guda, a sayi ganguna da begila a nemo tsohon ɗan badujalar soja ko ta 'yan sanda ya koyar, sannan a zauna da shugaban makaranta a rubuta sharaɗi ɗaya: yaron da ya faɗi darasi zai zauna a benci har sai ya gyara.